Idanun Sahabi, Ɗan Sarkin Maƙera

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma babu wanda za a manta da shi a hanya. Ranar Laraba, goma sha shida ga watan Safar na shekara ta 1348, wadda Turawa ke kira 1929, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Sahabi ɗan Attahiru, Sarkin Maƙeran unguwarsu a Bungudu, bayan jinyar kwana tara ta ciwon haƙarƙari. Shekarunsa talatin da huɗu. Ya bar mahaifinsa da rai, ya bar matarsa Yelwa, da 'yarsa Amina wadda ba a daɗe da yaye ta ba, da ƙanensa Ɗahiru.

Ni mai wannan rubutu sunana Mas'udu. Ina ɗinkin hula, ina kuma rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Gusau. Uwata ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubashina ne, abokin wasana. Tun muna yawo babu wando ban taɓa kiran sunansa ban haɗa da tsiya ba. Yau ne karo na farko da zan yi maka magana, Sahabi, babu wasa a cikinta, kuma sai da na bari ba ka iya ramawa.

Mutane sun ce ciwon haƙarƙari ne ya kashe ka, ba su yi ƙarya ba. Amma ni na san hanyar da ciwon ya biyo ya same ka, na kuma san inda ƙafata take a kan hanyar. Shi ya sa ba zan tsaya ga yabo kaɗai ba, ko da yake abin yabon yana da yawa.

Wa zai manta shekarar da ruwa ya sauko da wuri, manoma suka taso har daga Ruwan Bore da karyayyun garemani a ka? Kwana uku ka yi zugazuginka bai huta ba. Wata tsohuwa da ba ta da kowa ta zo da hauyar da ta cinye har ta koma kamar cokali, tana jin kunyar miƙo ta. Ka karɓa ka juya ta, ka ce irin wannan ƙarfen kake nema ruwa a jallo, ka roƙe ta ta yi maka musanya da sabuwa. Ta tafi tana ganin ita ce ta yi maka alfarma. Da guga ya riƙa faɗa wa matan unguwarku a rijiya, kai ka ƙera ƙugiya mai baki huɗu ka rataye ta a jikin tsamiya, ka ce ta kowa ce, kada wanda ya sake zuwa roƙon aro. Ni ma wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita aikinka ce. Ka yi ta 'yar mitsitsiya, ka ce malamin da ke suma in ya ga an yanka kaza bai kamata a ba shi babba ba.

Amma abin da aka fi sanin ka da shi ido ne. Maƙeri da ido yake ƙira kafin hannu. Kai daga bakin rumfa kake hango ƙarfe a cikin gawayi ka ce a fitar, ya yi, kuma ya yin. Kana ƙera allura a huda mata kafa, zare ya shige babu gardama. Kawu Attahiru, wanda yabo ba ya fita bakinsa sai da ƙyar, na taɓa jin ya ce wa wani baƙo daga 'Yandoto idon Sahabi ya fi nasa.

Wanda ba ɗan gidan ƙira ba sai na yi masa bayani kaɗan, don ya gane abin da ya biyo baya. A gidan su Sahabi, yaro ana yaye shi ake dama masa maganin wuta a kunu, maganin da suka gada kaka da kakanni. Ranar sallah, in aka kafa dundufa, wato gangar maƙera, za ka ga sun ɗauki jan ƙarfe suna shafawa a damtse, suna lasa, jama'a na kabbara. Kuma suna da doka guda da ba a takawa: ɗan maƙeri ba ya kau da fuska daga wuta. Yaron da ya runtse ido don tartsatsi, ƙeyarsa za ta gaya masa. Babban da ya kau da kai kuwa ya nuna wa duniya cewa bai yarda da abin da ubansa ya shayar da shi ba, kuma wannan ya fi zagin uwa ciwo a wurinsu.

Bara da rani, da hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen Tsafe, wani kamfanin Turawa ya karɓi aikin kafa tankin ruwa na ƙarfe. Suka zo da wani inji mai ƙugi wanda ke ba da wuta irin ta walƙiya, ana liƙe ƙarfe da ƙarfe da ita babu gawayi babu masaba. Walda suke kiran aikin. Suka aika a nemo musu maƙerin da ya fi kowa hannu don ya koya, aka ce Sahabi. Kawu ya ɗauki abin a matsayin girma ga gidansa. Ya taso daga Bungudu da maƙera goma sha biyu da makaɗan dundufa, suka kwana gidana a Gusau, na bi su don kallo, don ni ba a bar ni a baya wajen son ganin ƙwaƙwaf ba.

Da hantsi aka tayar da injin. Helman aikin, wato shugaban leburori, wani mutumin Lokoja mai jin Hausa, ya ɗauko wata garkuwa ta baƙin ƙarfe mai mariƙi, da 'yar taga ta baƙin gilashi a tsakiyarta. Ya ɗaga ta kowa ya gani, ya yi magana babu kwana-kwana.

"Wannan wuta ba ta gawayi ba ce," in ji shi. "Haskenta ke cin ido. Wanda ya kalle ta babu wannan a fuskarsa, zai yi kuka."

Maƙera suka dubi juna suna murmushi. Kai kuwa, Sahabi, ka miƙa hannu ka karɓa. Na ga ka karɓa. Ka juya ta, ka leƙa tagar, ka fara ɗaga ta zuwa fuskarka, don kai mutum ne mai jin magana in an faɗa maka dalili. A nan ne bakina, wanda bai taɓa sanin lokacin da ake yin shiru ba, ya buɗe.

"Jama'a, ku zo ku ga amaryar Bungudu!" na ce. "Wa ka sayen baki a buɗe muna huska?"

Wurin ya kwashe da dariya, har leburori. Makaɗa suka ɗauki maganar suka sa ta a kiɗa. Kawu bai yi dariya ba. Kallon ka kawai ya yi. Ka tsaya da garkuwar a hannu kamar numfashi uku, sannan ka sunkuya ka ajiye ta a ƙasa, ka kama sandar waldar, ka dangwala ta a jikin ƙarfe. Hasken da ya tashi ban taɓa ganin irinsa ba, fari ne mai shuɗi-shuɗi, ya fi ranar da ke bisa kanmu ƙarfi. Mu 'yan kallo duka muka kare fuska da hannun riga. Kai ka zuba masa ido ko ƙiftawa babu, dundufa na tashi, ana yi maka kirarin kakanninka. Helma ya girgiza kai ya koma gefe. Baturen aikin kuwa dariya ya yi, don ya ga mai hannu biyu a sake ya fi saurin aiki.

Da wutar nan ƙona mutum take yi nan take, da an gane ta tun ranar. Muguntarta ita ce jinkiri. Ka tashi aiki da azahar garau, ka ci tuwo, ana ta yi maka barka. Sai da rana ta yi sanyi, muna alwalar magariba, ka ce wani abu ya faɗa maka a ido. Muka hura, muka duba, babu komai. Kafin a idar da salla idanun sun kaɗa sun yi jajur, hawaye na bin gemunka, kana cewa kamar an cika maka su da yashi. Washegari ko hasken ƙofa ba ka iya kallo. Yelwa, wadda ta biyo ka Tsafe da goyo, ta rufe ka a ɗaki ta riƙa ɗiga maka nononta a ido, tana ɗora maka jiƙaƙƙen ƙyalle.

Maƙera suka zauna suka yanke hukunci. Wuta ba ta taɓa shi ba, suka ce, don ga shi ya tashi daga gabanta lafiya lau, kowa shaida ne. Abin da ya zo bayan rabin yini ba aikin wuta ba ne, bakin mutane ne, yabon ya yi yawa. Aka yi maka turare, aka sa na rubuta maka rubutu ka sha ka shafa. Bayan kwana biyu idanun suka washe, sai aka ce to ga shi, magani ya yi aikinsa. Ni ma haka na ce. Na fi kowa ɗaga murya wajen faɗa, don in ba bakin mutane ba ne, to bakina ne.

Haka ka yi ta yi, daga Tsafe har aikin ya dawo Gusau, wata goma sha biyar. Ciwon ya zo, ya kwantar da kai kwana biyu, ya tafi, ka koma. Fatar fuskarka ta riƙa saɓulewa. Wani jan nama ya tsiro daga gefen idon dama yana rarrafowa wajen baƙin. Garkuwa na rataye a jikin injin tana tsatsa. Na tabbata akwai ranakun da ka so ɗaukar ta, amma sunan amarya ya riga ya bi wurin aikin, duk wanda ya taɓa ta da shi ake kiransa, kuma kullum akwai ɗan Bungudu a kusa da zai kai labari gida.

Farkon daminar bana ɗinkin ƙarfenka ya fara karkacewa. Kai da kake huda allura, ka koma liƙa ƙarfe ɗan yatsa guda daga inda ya tsage. Suka sallame ka. Ba ka koma Bungudu ba, ka zo gidana da Yelwa da Amina, ka ce in an tambaya a ce kana aiki. Wata rana da yamma muna zaune a zaure ina ɗinki, na lura kana kallona a karkace, kamar kaza.

"Mas'udu," ka ce, "ba ni ganin tsakiyar abu. In nid dube ka, kunnuwanka nika gani, babu hanci. Kuma ka san hancinka ba abin ɓacewa ba na."

Na yi dariya don ka yi, amma allurar da ke hannuna ta shige mini yatsa ban ji ba. Na ɗaga hula a gabanka na ce wane launi ne zaren. Ka ce kada in wahalar da kaina.

Da abin ya tsaya a kanka, na san da ka haɗiye shi har kabari, don ba ka son abin da zai sunkuyar da kan Kawu. Sai ga labari daga masu zuwa cin kasuwa cewa kamfanin ya koma da injinsa wajen Bungudu, za a yi gadar ƙarfe a kan wani rafi, kuma Sarkin Maƙera ya ba da ɗansa na biyu. Ɗahiru, mai shekara ashirin da biyar, wanda ya yi aure bara. An ce har an kira makaɗa.

Ranar ba ka ci abinci ba. Ka sa Yelwa ta ja ka zuwa wurin helma kafin su gama kwashe kaya, ka roƙe shi garkuwar. Mutumin kirki ne, ya ba ka, ya ce dama babu mai taɓa ta. Ka dawo ka ajiye ta a gabana ka ce in rubuta wa Kawu takarda, in gaya masa gaskiyar idonka, a haɗa da garkuwar a kai wa Ɗahiru.

Na ƙi. Zan faɗi dalilina ko da ba shi da kyan ji. Kawu ba ya karatu, liman zai kai wa, liman kuma a zaure zai karanta gaban jama'a. Gari zai ji cewa ɗan Sarkin Maƙera ya makance a gaban wuta, kuma da rubutun hannuna. Na ji tsoron fushin Kawu, na ji tsoron a tuna wanda ya fara kiran amarya. Na ce ka bari a ga yadda hali zai yi. Ka ce to in raka ka da ƙafa. Na ce sai bayan kasuwa ta ci, ina da hulunan mutane. Kwana uku ina yi maka gobe, kai kuwa kana lissafin cewa kowace gobe Ɗahiru na tsaye gaban hasken nan.

A rana ta huɗu na dawo daga masallaci da safe na tarar da Yelwa a tsakar gida tana kuka. Ka fita tun da gari ya waye, da sanda, da garkuwar a ɗaure a baya. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin. Na ari jakin maƙwabcina na bi ka, ban kai rabin hanya ba ruwa ya kece. Ina tafe ina kiran sunanka, ina duba kowane kwazazzabo, ina sauka daga jaki duk inda na hango wani baƙin abu a cikin ruwa. Sai wajen la'asar na same ka, nesa da hanya, wata Bafulatana mai tallar nono, Maimuna, tana riƙe da bakin sandarka tana jan ka. Ta ce a cikin rafi ta tsince ka, ruwa ya kai maka ƙirji, kana lalube da hannu ɗaya, ɗaya hannun ka ɗaga wani baƙin abu sama kada ya jiƙe. Ka faɗi a kan duwatsu, mariƙin garkuwar ya karye, amma gilashin bai fashe ba. Shi ka fara sa ni in duba maka, kafin ka ko amsa sallamata. Haƙoranka na haɗuwa.

Da muka isa Bungudu na ce mu fara zuwa gida ka sauya tufa. Ka ce rumfar ƙira. Muka iske Kawu a zaune gaban uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, maƙera shida na kewaye da shi sun fake wa ruwa, ga Ɗahiru a gefe idanunsa jajur, yana ta murza su da gefen riga. Ka durƙusa ka gai da mahaifinka, kana fuskantar ginshiƙin da ke kusa da shi. Ka kwance garkuwar ka ajiye. Ka faɗi komai, muryarka na rawa don sanyi, ba ka rage ko ɗaya ba.

Kawu ya ɗago kai ya dube ka.

"Ƙarya kaka yi," in ji Kawu. "Korar ka anka yi, shi as sa kaka son ɓata ma ƙanenka. Maganin da nis sha shi nib ba ka. Ubana ya sha, kakana ya sha, ba wanda wuta tat taɓa."

"Baba, ban ce magani ƙarya na ba. Dubi hannuna, ba tabo ko guda. Wutar ga ba jiki taka ci ba, ido taka ci."

A nan na yi ƙarfin halin da ya kamata in yi tun a Tsafe. Na ce Kawu, ni ganau ne, kuma ni na hana shi ɗaukar abin nan tun farko. Wasu suka fara murmushi, sun ɗauka wata tsiyar ce zan ja, don ba su saba jin gaskiya daga bakina a kanka ba. Kawu ko juyowa bai yi ba. Ya ce ni ɗan mace ne, ba ruwana da zancen wuta. Sannan ya sa aka zuga, ya zaro bakin hauya jajur da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera da hannunsa.

"Ku ba shi masaba."

Aka ba ka. Ka matso a kan gwiwa, ka karkata kai kana neman jan da gefen ido. Kana iya cewa hannunka ya yi sanyi, kana iya neman a bari sai gobe, babu wanda zai ga laifinka. Ba ka nema ba. Ka ɗaga masabar ka sauke da dukan ƙarfinka. Ta sauka a kan uwar maƙera tsirara. Duk wanda ya tashi a gidan ƙira ya san wannan ƙarar, siririya ce mai shiga haƙori, ƙarar yaron da aka fara koya wa aiki. Ka sake ɗagawa, ta sake sauka a wofi. Ta uku ta goge gefen hauyar, ta fizge ta daga bakin awartaki, ta faɗa cikin kaskon ruwa tana cuu. Wani dattijo daga cikin maƙeran ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Kawu ya daɗe yana kallon awartakin da babu komai a bakinsa. Ya ajiye shi a hankali, ya tashi ya fita cikin ruwa, bai ce uffan ba.

Shirun nan shi ya fi komai wahalar da mu. Tun da uba bai ce a ɗauki garkuwar ba, Ɗahiru ba shi da ikon ɗauka. Washegari ya tafi gada da fuska a buɗe, garkuwa na jingine a rumfa inda ka bar ta. Kai kuwa zazzaɓi ya rufe ka, numfashi ya koma yi maka kamar suka. Yelwa ta iso a rana ta biyu da Amina a baya. Kwana tara ina zaune a gefen tabarmarka, kuma kowace rana in ka ji motsin mutane sun taso daga aiki, tambayarka guda ce: "Ya ɗauka?" Sau biyu a cikin kwanakin nan aka kwantar da Ɗahiru a ɗakin da ke jikin naka, kana jin nishinsa ta bango. Na so in yi maka ƙarya in ce ya ɗauka, ka huta. Na kasa, don ka ce mini in na yi za ka gane a muryata. Kawu yakan zo bakin ƙofa da safe ya tsaya, ya tambayi Yelwa yadda ka kwana, ya juya.

Ana gobe za ka rasu na roƙe ka gafara, ina kuka kamar mace ta yi ɓari. Ka lalubo hannuna.

"Kai ka yi wasa, ni niy yi wauta," ka ce. "Na yahe. Amma ranar da kag ga Ɗahiru da ita, ka kama bakinka."

Ka cika ba ka ji amsar da kake jira ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, kuma ba na jin zai daina.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, muka ji zugazugi na tashi a rumfa. In an yi rasuwa, ba a hura wuta a gidan maƙera kafin sadakar bakwai, kowa ya san haka, sai muka nufi wurin a tsorace. Kawu ne shi kaɗai, yana zuga da hannu ɗaya. Ba wanda ya iya tambayar sa. Muna tsaye ya fitar da ƙarfe, ya buge shi, ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗauko garkuwar ya kafa mata sabon mariƙi da ƙusa uku. Ya ɗauki kurfi, ƙarfen buga alama, ya buga mata alamar da yake bugawa a kan kowace garma da ta fita daga hannunsa. Hawaye na sauka a gemunsa bai share ba. Ya kira Ɗahiru, ya miƙa masa gaban maƙeran garin duka.

"Ƙirata ta," ya ce. "Abin da yah hito hannuna ba ya ba ɗiyana kunya. Riƙe."

Bai ce magani ya gaza ba, ba kuwa zai taɓa cewa ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Jiya Ɗahiru ya koma aiki, na bi shi har bakin gada. Da ya ɗaga garkuwar zuwa fuskarsa, wani lebura ya washe baki zai yi tsohuwar waƙar nan ta amarya. Ka ce in kama bakina, Sahabi, ka gafarce ni, ban kama ba. Abin da na gaya wa mutumin nan ba zai rubutu a takardar ta'aziyya ba, amma har aka tashi babu wanda ya sake ko tari. Sai dai garkuwar guda ce. Masu riƙe wa Ɗahiru ƙarfe su uku da tsumma suke kare fuska, kuma masu kamfanin sun san haka sarai. Duk wanda wannan takarda ta isa kunnensa, in yana da ɗa ko ƙane a gaban injin nan, ya gaya masa ciwon da ke zuwa da yamma ba bakin mutane ba ne, kuma warkewar kwana biyu ba warkewa ba ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Attahiru, wanda ya binne ɗan da ya so ya gaje shi. Allah Ya sanyaya masa zuciya, kada Ya bar shi da tunanin kwana taran nan shi kaɗai. Ina yi wa Yelwa ta'aziyya, wadda ta yi jinyar idanun nan fiye da sau talatin ba ta taɓa kai ƙara gidan kowa ba. Allah Ya ba ta ladan haƙurinta, Ya raya Amina, Ya sa ta ji labarin ubanta daga bakin masu gaskiya. Ɗahiru, Allah Ya bar maka ganinka har tsufa, ka san abin da aka biya a kansa. Ina yi wa maƙeran Bungudu da na Gusau da na Tsafe ta'aziyya, da duk wanda ya taɓa noma da ƙarfen da ya bi ta hannun mamacin.

Kai kuma, ɗan kawuna, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya karɓi tafiyar da ka yi cikin ruwa don ɗan'uwanka, Ya sa ta a ma'auninka. Allah Ya yalwata maka kabari, Ya mayar maka da ganinka cikakke, Ya sa wani daga cikin bayinSa na can ya gaya maka abin da ni ban samu gaya maka ba: Ɗahiru ya ɗauka. Amin.

Mas'udu, a Bungudu, ranar bakwai.